Kufan da Na Samu a Ƙarƙashin Ruwa

Duk tsawon kwanan da Allah Ya ba ni, ba na jin akwai abin da zai goge mini ranar da na fara sauka cikin wani gari da ruwa ya cinye. Shekaru sun ja, furfura ta fara, amma ko yanzu na rufe ido ina ganin wurin kamar jiya.

Ni ɗan Limawa ne, a nan Minna aka haife ni. Neman abinci ya kai ni Fatakwal ina saurayi, inda na koyi aikin nutso a tashar jiragen ruwa: a goya maka tukunyar iska a baya, ka sa tabarau da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ka sauka ka duba gindin jirgi. Da mahaifiyata ta tsufa sai na dawo gida na buɗe shagon walda. Kayan nutsona kuwa, har da ɗan injin cika iska, na taho da su, na jingine a lungun shago.

Maƙwabta ba su bar ni na huta ba. Kullum sai wani ya leƙo ya ce, "Mai teku, yau a wace rijiya za a shiga?" Nakan yi dariya, amma abin yana cina. Wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin ruwa ba, ba ya jin komai sai numfashinsa, ba zai gane kewar da nake ji ba.

Sai na fara nema. Duk ranar da ba aiki na hau babur. Na je dam ɗin Tagwai, na tarar ruwan sha ne na gari, ga shi da damina ko tafin hannunka ba ka gani, na haƙura. Aka kwatanta mini wani tsohon ramin fasa dutse gaba da Shango, na shiga, ban samu komai ba sai tsofaffin tayoyi da kwaɗi. Na bi rafuka da tafkuna har na fara yarda cewa maƙwabtana sun fi ni gaskiya.

Wata rana wani masunci mutumin Bida, dattijo mai yawan raha, ya kawo mini ƙarfen injin kwalekwalensa in liƙe masa. Idonsa ya faɗa kan takalman nan, ya tambaya, na yi masa bayani. Sai ya ce, "Malam, akwai wani waje a babban dam inda muke su. Da rani ruwan garau yake. Amma duk wanda ya jefa taru a wurin, sai dai ya dawo da rabinsa. Wasu sun ce aljanu ne. Ni dai na gaji da ɗinki."

Da rani ya kama muka tafi. A ƙauyen da ke bakin ruwan, tun ina sauke kaya mutane suka kewaye ni. Cikinsu har da wata tsohuwa, Bagwariya, tana dogara sanda. Ta tambayi masuncin ina za mu, ya nuna mata tsakiyar ruwa. Sai ta kama hannuna.

"Ɗana, wajen nan ba aljanu ba ne," in ji ta da irin tata Hausar. "Garinmu ne. Can aka haife ni, can na yi aure, can na binne mijina kafin ruwa ya zo. Akwai tsamiya babba a ƙofar gidanmu. In ka sauka, ka duba mini ko yana nan."

Na ce, "In Allah Ya yarda, Mama." Amma ni na zo wasa da ruwa ne, ga shi an ɗora mini amana.

Ba ni da abokin nutso a duk Minna, saboda haka na ɗaura igiya a ƙugu, na ba masuncin ɗaya bakin, muka yi yarjejeniya ba zan yi zurfi sosai ba. Na yi bismillah na faɗa.

Ruwan kore ne mai haske, rana tana ratsa shi. Ina sauka a hankali sai na ga rassa suna tasowa gare ni, baƙaƙe, ba ganye ko ɗaya. Tsamiyar ce, a tsaye kyam, tsofaffin taru sun lulluɓe ta kamar an shanya tsummoki. A ƙarƙashinta kuwa, ga duwatsun harsashin ɗakuna a zagaye, ɗaya bayan ɗaya. Katangun ƙasa sun narke, amma tsarin gidan yana nan. Na ga fasasshiyar randa, wata babbar tarwaɗa ta mai da ita ɗakinta. Na yi shekaru a teku, ban taɓa ganin abin da ya sa tsigar jikina ta tashi haka ba.

Ina cikin kallo na ji an riƙe ni ta baya. Taru ne ya sarƙe bakin tukunyar iskata. Na juya, ya ƙara naɗe ni, har da igiyar. A irin wannan hali tsoro ne ke kashe mutum tun kafin iska ta ƙare, haka aka koya mana. Na tsaya cak, na rage numfashi, na zare wuƙar da ke ɗaure a ƙwaurina, na shiga yanka zare-zare, ba na ganin abin da nake yanka. A sama masuncin ya ji igiya ta ƙi motsi, ya fara ja da ƙarfi, jan kuma yana daɗa matse ni. Sai da na yanke igiyar ita ma. Da na kuɓuta, hannuna ya sauka kan wani dutsen niƙa a gindin bishiyar, ɗan dutsensa yana kwance a kai. Na ɗauki ƙaramin na fara tasowa, sannu-sannu kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Na tarar da dattijon nan yana riƙe da guntuwar igiya, yana salati, hawaye na zuba. "Malam, ka kashe ni! Me zan gaya wa mutanen Minna?" Ya jawo ni cikin kwalekwale yana faɗa yana dariya.

Tsohuwar tana nan inda muka bar ta. Na durƙusa na ce, "Mama, tsamiyarki tana tsaye. Gidanku ma yana nan." Na miƙa mata dutsen. Ta juya shi, ta ɗora tafin hannunta a inda ya lotsa. Ta ce, "Mu da yawa muka yi niƙa a wurin. Ban san ko nawa ne ba. Amma namu ne." Sai matan ƙauyen suka ɗauki guɗa, aka riƙa karɓar dutsen hannu zuwa hannu, tsofaffi suna nuna wa jikoki.

Bayan haka na koma sau da dama. Na cire tsofaffin tarun, muka ɗaura jarkoki a saman ruwa don masunta su san inda za su kauce. Na koya wa samari biyu na ƙauyen nutso, na samu abokan sauka. Daga baya har daga Abuja masu sha'awa suka riƙa zuwa, kuma sharaɗin ƙauyen ɗaya ne: a kalla, kada a ɗauki komai. Ni kaɗai aka taɓa yarje wa, kuma ina alfahari da hakan.

Abin da na koya shi ne, kada mutum ya raina abin da ya iya don kawai ya dawo inda ake ganin ba shi da amfani. Ya ci gaba da nema. Wataƙila akwai wanda ya daɗe yana jiran ranar da mai wannan sana'ar zai iso ƙofarsa.