Ranar da Inna ta dube ni

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da wani hantsi na lokacin roron wake ba, a gonarmu da ke bayan gari, can wajen Cadawa. Shekaru sun ja, kyamarar da nake riƙe da ita a ranar ma ta daɗe da mutuwa, amma duk sanda na tuna sai in ji kamar yanzu abin ya faru.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan ke nufi. Kunya ce tsakaninmu tun ina cikin zanen goyo. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta haɗa ido da ni. A ɗakin kakata na girma, ko da yake gida ɗaya muke. In Inna za ta ambace ni sai ta ce "wancan", kowa kuma ya san wa take nufi. Na san al'ada ce, na san ba ni kaɗai ba ne, amma duk da haka abin yana ci mini rai. Ina ganin ƙannena suna faɗawa jikinta, tana yi musu faɗa, tana yi musu dariya, ni kuwa ko faɗan ban taɓa samu ba.

Da lakol, wato makarantar boko, ta ƙi ni, ko kuma in ce na ƙi ta, sai na faɗa sana'ar hoto. Na sayi kyamara ta hannu a Maradi, tare da gilashin da ta zo da shi, wato wannan da ake ɗaurawa a gabanta, ake iya cirewa a sa wani. Gilashin masu koyo ne, ba yabo ba fallasa. In kana son fuskar mutum ta fito sosai sai ka matsa kusa da shi, in ɗaki da duhu kuma hoton ya fito dishi-dishi. Da shi na yi ta yawon biki da suna a kan babur, daga Cadawa har Gazawa. Na ɗauki amare, na ɗauki jarirai, har ragon suna an taɓa sa ni na ɗauka. Amma ba ni da hoton fuskar uwata. Akwai hotunanta a wayoyin salular ƙannena, sai dai ba ni ta kalla a ciki ba, ni kuwa nawa nake so.

Ba wai ban gwada ba. Wata Sallah na yi ta maza, na rataya kyamara na nufi ƙofar ɗakinta. Kafin in ɗaga ta, Inna ta ja mayafi ta juya, ta ce da ƙanwata, "Ki ce ma wancan shi ɗauke mani ƙarhen ga." Abin da na samu a ranar shi ne hoton bayanta da rabin turmi. Ƙannena suka yi ta yi mini dariya har sati.

A daminar shekarar Inna ta kwanta ciwo, har muka fara fid da rai. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ni tsoro ya riga ya shige ni. Na ga cewa tana iya tafiya kowane lokaci, in wayi gari ban ma san yadda idonta yake ba.

A daidai lokacin ne nake shirin canza gilashi, don abokan sana'a sun fara wuce ni. Na tafi Maradi wurin wani dattijo mai gyaran kyamara, ya fito mini da guda biyu, ƙarfina kuma na ɗaya ne. Ɗayan gajere ne, ɗan mitsitsi. Ɗayan dogo, mai nauyi kamar taɓarya.

"Mi kake ɗauka?" in ji shi.

Na ce biki da suna.

"To gajeren ga shi ne naka. Shina shan haske ko cikin ɗakin amarya, huska ta hito tas. Dogon na masu ɗaukar tsuntsaye ne. In ka shiga ɗaki da shi, sai ka hwasa bango ka ja da baya kahin ka samu mutum."

Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Amma na ce bari in gwada dogon. Na ɗaura shi, na tsaya bakin shago na saita tsallaken titi. Sai ga wani mai shayi wanda da ƙyar nake hango shi ya zo gabana, har kumfar da ke kan kofinsa ina gani, shi kuwa bai san ina yi ba. Gabana ya faɗi. Na juyo na ce da dattijon wannan nake so, kokowa zan riƙa ɗauka.

Ya dube ni ya girgiza kai. "Ƙarya kake, ɗana. Amma kai za ka ɗauki kayanka."

Ta fuskar sana'a kam na tafka wauta. Gilashin bai ƙara mini ko biki ɗaya ba, abokaina kuma suka sa mini suna mai bindiga. Na haɗiye, ina jiran ranata.

Ranar ta zo bayan an yanke hatsi. Matan gidanmu suka fita roron wake, har da Inna, wadda ta ƙi zama duk da ba ta gama murmurewa ba. Na bi su daga baya, na ajiye babur can bakin hanya, na hau kan wani amalanke da aka kwance wa jaki. Tsakanina da su akwai gona guda cur, mutum ba ya wuce tsawon ɗan yatsa a ido. Na yi kamar dammunan hatsi nake ɗauka, sannan a hankali na karkato da kyamara wajenta. Burina bai wuce in samu gefen fuskarta tana sunkuye ba.

Ba a sunkuye na same ta ba. Tana tsaye, ƙwarya a kunkuminta, ta kare rana da hannu ɗaya, ni take kallo. Kallo sosai, ba na sata ba, don a zatonta daga wannan nisa ba mai ganin inda idonta yake. Tana murmushi, leɓenta yana motsi a hankali yadda tsofaffi ke yi in suna addu'a. Na ga tsagen da ke kumatunta, na ga yadda ciwo ya zurma mata ido. Ina da mata da ɗa a lokacin, amma ranar na fara ganin fuskar uwata gaba da gaba. Sau ɗaya na danna. Ban iya ƙarawa ba, hawaye sun rufe mini gani.

Da na wanko hoton, gwaggona na fara kai wa, ƙanwar mahaifina. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta kwashe da dariya.

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba! Tun kana zuwa lakol take tsayawa bakin darni har ka ɓace. Yanzu ma in ka tada babur, sai ta bar abin da take yi."

Na ce, "Gwaggo, mi ya hana ku hwaɗa mani?"

"Wa zai hwaɗa maka? A kunyata ta?"

Gwaggo ba ta iya riƙe magana, kafin la'asar labari ya kai wa Inna. Ba ta ce a kawo hoton ba, ba ta kuma ce a yaga shi ba. Sai dai daga ranar ta gane ƙarfen nan yana gani daga nesa, ko a ƙarshen gona ta hango ni da shi sai ta sunkuyar da kai. Ban sake samun wani ba har Allah ya karɓi abarsa bayan damina uku. Hoton nan ɗaya ne, kuma ya ishe ni.

Abin da na koya shi ne kada in yi saurin yanke wa mutum hukunci da abin da yake nuna mini in ina gabansa. Na yi shekaru ina zaton Inna ba ta damu da ni ba, ina ɗauke da wannan zato kamar gaskiya, ashe kullum idonta yana kaina, sai dai tana jira in yi nisa tukuna. Yanzu in matasa masu koyon hoto suka tambaye ni wane gilashi za su saya, nakan ce su fara tambayar kansu abin da suke son gani. Ni abin da nake so ke nan, na kuma gan shi tun tana da rai. Allah ya jiƙan Inna.