Igwar da Na Ƙera wa Jan-baki

'Yan samari, ku matso. Wannan tsohon da kuke gani da tasbaha ba haka ya taso ba. Ni ɗan maƙera ne daga wajen Kafin Hausa. Ubana ya koya mini zuga da riƙon masaba, amma Allah ya yi ni da mataccen hannu da rayayyen baki. Kafin wani ya gama ƙera fartanya ɗaya, ni na gama sayar da wadda ban ƙera ba.

Da ƙaramin abu na fara. A kawo mini bokiti mai yoyo, in liƙe shi da kakin zuma, in shafa baƙin tukunya, in ce na yi dalma. Da na ga ba wanda ya kama ni, sai na koma sayar wa maharba albarushi, rabi na gaske rabi garin gawayi. In bindiga ta ƙi tashi, in ce ai sanyi ne ya shige ta. Ranar da ubana ya gano, cewa ya yi, "Kai, bakin nan naka shi zai yanka maka wuya." Na yi dariya, na ɗauki jakata na shiga duniya.

Shekarun nan ne sojoji suke dawowa daga yaƙin duniya, can ƙasar Bama. A kasuwar Haɗejiya na ji wani daga cikinsu yana ba da labarin makamin da Turawa suka saki daga sama, tashi guda ya cinye birni sukutum. Kowa ya riƙe baki yana salati. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba tsoro na ji ba, ciniki na hango.

Na nausa cikin fadama, na sauka a wani ƙauye da ke kan ɗan tudu, irin wanda in kogi ya kawo sai ya zama tsibiri. Abincinsu shinkafa, abokin gabarsu jan-baki, tsuntsun nan ƙarami da ke zuwa kamar hadari ya share gona kafin a yi azahar. Duk shekara in shinkafa ta fid da kai, kowane gida sai ya kafa rumfa mai tsawo a gona, a ja igiyoyi a rataya gwangwani da sakaina, a wuni ana kaɗawa ana ihu har girbi. Wahala ce mai sa murya ta dushe, amma ita ke ciyar da su.

Wani dattijo mai suna Baba Gambo shi ya sauke ni a zaurensa. Ba shi da ɗa namiji, tun ranar farko ya ce mini "ɗana". Na gaya masa na yi aiki da Turawa a gidan ƙera igwa, na kuma san sirrin wadda ƙararta kaɗai ke fasa zuciyar duk wani tsuntsu daga nan har Kaugama. Ya kai ni gaban Bulama, mai garin ke nan, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na tsaya masa. In ya yi ƙarya, ni na yi."

Baba Gambo da kansa ya sare giginyarsa ya ba ni. Na rarake cikinta, na ɗaure ta da bakin ƙarfen durom. Na sa mata ƙahon tsohon garmaho, akwatin waƙar nan mai faifai, a baki, na kafa wilin keke a gefe wanda ba abin da yake juyawa, da madubi a sama don kwarjini. Gindinta kuwa, inda ya kamata a toshe da ƙarfe mai kauri, katako na sa da yumɓu, na shafe da baƙi. Me zai dame ni? Ai ban yi niyyar a taɓa harba ta ba. Na ce nauyinta sai kwalekwale biyu, aka ba ni biyun da garin ke da su, na haɗe su da igiya da ƙusa, na ɗora ta. Mutane suka sa mata suna Aradun Ƙasa. Aka yi ta kawo mini kaji da awaki da tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, har na yi wuya.

Ga babban zunubin. Da shinkafa ta soma fid da kai, suka ce za su kafa rumfuna. Na ga in aka kafa, an daina kula ni. Sai na ce, "A'a! Kada wanda ya kori tsuntsu ko ɗaya. Ku bar su su saki jiki su taru, mu gama da su gaba ɗaya, jikokinku ma ba za su san jan-baki ba." Suka ajiye igiyoyinsu. Nufina in tura awakina gaba, in bi bayansu kafin a farga.

Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Kogi ya kawo da wuri, ruwa ya rufe hanya ta kowane gefe. Na je bakin ruwa neman abin tsallakawa, sai na tuna kwalekwalen garin duka biyu suna ƙarƙashin igwata, da hannuna na buga musu ƙusa. Wayyo ni! Na zauna a wurin kamar kazar da aka jiƙa.

Tsuntsu ya sauka. Kullum Bulama ya aiko, in ce ba su gama taruwa ba. Mata suna tsaye suna kallon abincinsu yana tafiya, ba mai ko tafa hannu, saboda maganata. Da abin ya kai maƙura, Bulama ya zo da kansa wata safiya, ya ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai ta tashi. Na so in ɗura albarushina na gawayi, ta yi tusa ta mutu, in ce sanyi ne. Ashe ya tara na gaske daga wurin maharba, a gabansa aka danna shi har wuya.

Aka tura mu tsakiyar gonaki. Baba Gambo ya ce shi zai riƙe sandar tuƙi, ya tsaya daidai gindin igwar, yana murmushi don mutane su ga ya yarda da ɗansa. Na san abin da ke wurin, katako ne da yumɓu. "Baba, kauce," ita ce kawai maganar da ta rage mini. Na ga in na faɗa asirina ya tonu. Na kunna wuta, na faɗa ruwa, na yi shiru.

Ta baya ta fashe. Kwalekwalen suka dare, giginya ta tarwatse. Jan-baki ya tashi ya yi kewaye ɗaya, ya dawo ya ci gaba da cinsa. Aka tsamo Baba Gambo da rai, jini na fita ta kunnuwansa.

Ba su dake ni ba, wallahi da sun dake ni da ya fi mini sauƙi. Da ruwa ya janye 'yan doka suka tafi da ni Haɗejiya, alƙali ya ɗaure ni. Na yi shekaru ina aikin hanya da ɗebo ruwa a gidan yari. A can na ji cewa shekarar nan mutanen garin da saiwar bado da ɗan kifi suka rayu, wasu suka tafi cin rani ba su dawo ba. Wani malami da ke cikinmu ya koya mini salla yadda take, ya kuma ce hakkin Allah tuba na wanke shi, amma hakkin mutum sai a bakin mai shi.

Ranar da aka sake ni ban nufi gida ba, ƙauyen na koma. Na iske Baba Gambo a ƙofar zaure yana saƙar faifai, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri. Ya zuba wa bakina ido kawai. Wata mata ta ce, "Ɗaga murya ko kada ka ɗaga, tun ranar nan bai ƙara jin komai ba." Na ɗaga duk da haka. Na faɗi zancen katako da yumɓu, na faɗi yadda na yi shiru, ina kuka ina ihu har gari ya taru. Kowa ya ji, ban da shi.

Da na yi shiru, sai ya kama hannuna, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ɗana, ka rame. Ban san me kake cewa ba, amma ko mene ne na yafe. A kawo masa tuwo!"

Na zauna tare da shi ina yi masa noma har Allah ya karɓi abinsa. A garin na yi aure, a garin na koma maƙera ta gaske, kuma yau ba mai juya fartanyata yana neman ha'inci. Ƙofar tuba a buɗe take, ni shaida ne.

Amma ku yara, kada ku biyo hanyata. In abin da ba naku ba ya yi muku ƙyalli, ku kau da kai tun yana ƙarami. In kuwa kun riga kun cuci wani, kada ku ce sai gobe. Ku je yau ku faɗa masa gaskiya, tun yana iya jin ku.