Ɗan Farin da Ba a Ƙirga Ba

A damtsena na hagu akwai wani tabo, kamar an danna mini bakin kwalba. Jikokina sukan tsokane ni, wai an yi wa tsohuwa shaida irin ta shanu. Nakan ce musu eh, shaida ce, kuma albarkacinta na kai har na ga haƙoransu, marasa kunya. Lamba ce ta rigakafin agana. Mu uku ne a wurin uwarmu a lokacin, amma biyu ne muka samu wannan tabo.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu, tsakanin Roni da Gwiwa. Yayana shi ne ɗan fari, sai ni, sai ƙanwarmu da ke goye. Tun da aka yaye shi, Kaka, wato mahaifiyar Baba, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, tana kiransa maigidana, yana kiranta tsohuwa mai rowar goro. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In dole ta kama, sai ta ce wancan, ko yaron Iya, don Iya take kiran Kaka. Ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane, ba ta tsawata masa, ba ta yabonsa. Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu, kuma Inna ta riƙe ta har mata suna yi wa 'ya'yansu misali da ita.

Kada wanda bai san gidanmu ba ya ce ba ta son sa. Ni da idona na sha ganin ta tsamo tsoka mafi girma ta cusa ƙarƙashin tuwon da za a kai ɗakin Kaka, ta shafe da miya don kada a gani.

Da rani ne, lokacin yaƙin basasa, Baba ya tafi cin rani Kano. Mai shelar dagaci ya zaga gari ya ce gobe masu lamba za su zo, kowa ya fito, babba da yaro, domin agana ta ɓulla a yamma da mu. Kaka tana bakin ƙofarta tana kaɗi. Fuskarta duk zanen agana ne tun tana budurwa, kuma tana ji da wannan zane kamar sarauta.

"Ni na yi agana na tashi," in ji ta. "Mutum yana zaune lafiyarsa lau, a zo a zuba masa cuta a jiki? Wanda ya gayyato baƙo shi zai shimfiɗa masa tabarma. Maigidana dai ba mai huda shi."

Ba mugunta ba ce. Ta ga yadda hannun waɗanda aka yi wa lamba yake kumbura, su kwana biyu da zazzaɓi, ita kuwa ko ƙaya ce ta soki yaron nan sai ta kasa cin abinci.

Washegari da sassafe ta cika masa gora da fura, ta ce ya kora awaki bayan dutse, kada ya dawo sai rana ta faɗi. Ya biyo ta gaban Inna tana shara, sanda a kafaɗa, yana fito. Na ga tsintsiyar ta tsaya. Na ga bakinta ya motsa. Amma da wane suna za ta kira shi, kuma a gaban surukarta? Sai ta yi hannunka mai sanda, ta dubi ƙasa ta ce:

"Iya, da awakin nan sun yini a gida yau. Akwai sauran harawa."

"Awaki ba su san lamba ba, 'yar nan," in ji Kaka. "Yi shararki."

Inna ta ci gaba da shara, shi kuma ya fice.

A ƙofar gidan dagaci motar gwamnati ta tsaya ƙarƙashin tsamiya. Suna da wata bindiga da ake takawa da ƙafa, a manna ta a damtse, ta ce tas, shi ke nan. Na tsala ihu tun kafin a taɓa ni, mata suna dariya. Aka yi mini, aka yi wa ƙanwata, aka yi wa Inna. Mai bindigar wani dattijo ne mai sanyin murya, ya gaji, gumi har wuyan rigarsa. Ya dubi Inna ya ce:

"Baiwar Allah, su ke nan 'ya'yanki? In da saura a gida ko a daji, faɗa mini, sai la'asar za mu tashi. Dagaci zai aika a kira shi."

Mata sun kewaye ta, sa'o'inta da iyayenta, kowa ya san tana da ɗan fari, kowa yana jiran ya ji ko za ta ƙirga shi. Macen kirki ba ta ƙirga ɗan fari. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Su ke nan," ta ce.

Har yau ina jin haushin matan nan. Da ɗaya daga cikinsu ta buɗe baki ta ce akwai yaro a bayan dutse, da ba wanda ya zarge ta, tunda ba ita ta haife shi ba. Amma duk suka yi murmushi, wata ma ta ce kai, yarinyar nan akwai kunya.

Hannuna ya kumbura, ya yi ruwa, ya bushe. Yayana yana ta yi mini dariya, wai an sa mini alamar gwamnati, duk ranar da aka zo jangali da ni za a haɗa.

Zafi ya shigo sosai lokacin da yayana ya kwanta. Da farko zazzaɓi da ciwon baya, sannan ƙuraje suka feso a fuska, suka sauka hannu da tafin ƙafa. Aka kafa masa bukkar zana a bayan gida, Kaka ta shiga tare da shi. Ni da ƙanwata, da muka sha a gora ɗaya da shi, ko atishawa ba mu yi ba. Inna takan dama kunu ta kai bakin bukkar ta ajiye, ta tsaya jim tana gyara zanen da ba ya bukatar gyara, ta dawo. Aka aika wa Baba, amma saƙo a wancan zamani sai ya huta a kowace kasuwa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar, Inna tana daka. Sai muka ji muryar Kaka daga bayan gida, siririya, tana salati. Taɓaryar ta faɗi. Inna ta ruga, ba mayafi, ta keta zanar nan ta shiga, ni kuma ina biye har bakin ƙofa. Ta ɗauke shi daga cinyar Kaka ta rungume, da ƙurajen da komai, ta kira sunansa. Ta sake kira, da ƙarfi, har maƙwabta suka jiyo. Sunan ya yi mini baƙo a bakinta. Ban san ko ya ji ba, kuma wannan rashin sanin shi ne ya fi cin raina duk tsawon shekarun nan.

Kaka ba ta sake kaɗi ba, damina biyu ta ƙara ta bi shi. Inna ta yi jinyarta kamar uwar da ta haife ta, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma Wanda ya ƙaddara kwanan, Shi ne ya kawo motar nan har ƙarƙashin tsamiyarmu.

Shekaru suka ja, kuɗin mai ya kawo kwalta da ɗakin shan magani, agana ta zama labari. Na yi aure a Kazaure, na haifi ɗan fari namiji, na zo gida ganin Inna yana goye. Aka yi shela za a yi rigakafin ƙyanda. Ni ma ga ni da tawa kunyar, na kwance yaron na miƙa mata, na ce ta ba wata ta kai shi.

Inna ta karɓe shi, ta juya ni kamar yarinya, ta ɗora mini shi a baya, ta ɗaure majanyi da hannunta har sai da numfashina ya sarƙe.

"Ke za ki kai shi," ta ce. "In sun tambaye ki 'ya'yanki nawa, daga kansa za ki fara. Kuma ki faɗi sunansa yadda zai ji."