Rufus Sai-Gobe da Muryar Larai

Shekara ashirin da biyu Rufus ya yi yana malamin gona a Goronyo, har mutane suka manta daga Zuru ya zo. Nawarsa ce kawai ta ƙi mantuwa. Ko takarda ka kai masa ya sa hannu, sai ya juya ta sau uku ya ce a dawo gobe, shi ya sa manoma suka laƙaba masa Rufus Sai-Gobe. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Da furfurarsa ya koya wa kansa rubuta manhajar waya. Da ofis ya ce daga bana ta waya za a riƙa sanar da manoman rani ranar sakin ruwan dam, sai Rufus ya ga damar kunyata masu tsokanarsa. Ya kwaso abin da wasu suka riga suka rubuta, taswira, hotuna, har da tambari mai juyawa, ya lafta su kamar lodin motar albasa. Kwana tara ya gama manhajar. Aka yaba masa, ya ji daɗi har ransa.

Ranar kasuwar Rimawa wani dattijo mai noman albasa, Mode, ya tare shi da tsohuwar wayarsa a hannu.

"Malam, abin nan naka ya ƙi shiga. An ce ba wuri, sai na goge wani abu."

"To a goge mana, Baba. Me ke ciki?"

"Mi ka ciki? Muryal Larai ta."

Larai matar Mode ce, bara ta rasu. Saƙon murya goma sha huɗu ta aiko masa tana jinya a Sakkwato. In bai goge ba ruwa ya wuce shi, albasa ta ƙone. Kunya ta kama Rufus, ya roƙe shi ya ɗan dakata.

Ya koma ya zubar da taswirar da tambarin, ya zauna yana sake rubuta komai da hannunsa, layi bayan layi. Ofis na ta mita, ya yi kunnen uwar shegu. Mako bakwai ya ɗauka kafin manhajar ta rame yadda kowace waya za ta ɗauka.

Ya hau babur da murna, ya tarar da Mode a bakin gona. Dattijon ya sa masa albarka, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ruwa ya wuce ni sau guda, Malam, ban iya na biyu. Nis sa waccan manhajar ta farko."

Rufus ya zauna kan kunyar gona kusa da shi.

"Saƙo biyar nig goge, waɗanda taka yi mini faɗa ciki," in ji Mode. "Ashe su nika son ji."