Mutumin da Sauro Ya Wanke

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Sarkin Sauro a shekarar 1937, a wani ƙaramin gari da ke bakin fadama, a gidan da ke kallon tashar mota. Mahaifinsa mai gyaran keke ne da ke kiwon tantabaru a bayan shago, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi da keken hannu, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansu huɗu. Ya tashi yana ganin yadda uban ke tace tantabarunsa, masu ƙarfin tashi ya bar su su hayayyafa, ragwaye ya rabu da su, har aka wayi gari babu rago ko ɗaya a ɗakin. A lokacin bai ɗauki wannan a bakin komai ba.

Karatu

An sa shi makarantar elementare a 1945, ya kammala a 1952 ba tare da ya taɓa zuwa na ɗaya ko na ƙarshe ba. Shaidar da malaminsa ya rubuta masa ita ce ba shi da saurin fahimta, amma idan ya kama abu sai ya ga ƙarshensa. Rabin farko na wannan shaida ya ɓata wa mahaifinsa rai, alhali rabi na biyun ne ya cece shi daga baya.

Aiki

A watan Afrilu na 1957 ofishin lafiya na garin ya ɗauke shi cikin masu feshin maganin sauro, domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Aikin shi ne a auna garin magani, a dama a bokiti, a juye a tankin ƙarfe da ake goyawa, a feshe bangon kowane ɗaki daga sama har ƙasa, sannan a rubuta kwanan wata da alli a jikin ƙofa. A shekarun farko maganin ya yi aiki ƙwarai, har mata kan share matattun sauro da tsintsiya. A 1960 aka ba shi shugabancin mutum huɗu da unguwar bakin fadama, kuma a nan ne aka laƙaba masa Sarkin Sauro, sunan da ya karɓa hannu bibbiyu.

Aure da Iyali

Ya yi aure a 1961 da 'yar wani mai gyaran agogo, mace mai haƙuri a aikace, marar haƙuri a baki. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1962 da 1975, kuma sun zauna tare da mahaifiyarsa bayan rasuwar mahaifinsa a 1964.

Zargi da Kora

Da damunar 1966 al'amura suka sauya. Aka yi feshi kamar kullum, amma sauro ya ci gaba da zama a bango hankalinsa kwance, zazzaɓi ya dawo unguwar, aka rasa yara uku a layi ɗaya. A ofis kuwa bayani ɗaya tak aka sani: idan sauro bai mutu ba, to mai feshi ya yi algus, wato ya rage garin magani ya ƙara ruwa, ya karkatar da sauran ga manoma. Da marigayin ya ce ma'auninsa bai taɓa raguwa ba, kuma yana jin sauron ne ya sauya, sai shugaban ofis ya yi dariya ya ce, "Sauron da ya mutu bara, shi ne bana ya ƙi mutuwa? Makaranta ya shiga?"

A ranar 3 ga Fabrairu, 1967, aka miƙa masa takardar kora mai ɗauke da kalmar ha'inci. Rashin aikin bai dame shi sosai ba, domin ya koma shagon keken mahaifinsa. Abin da ya ci masa rai shi ne unguwa ta ɗora masa alhakin yaran nan uku, masu kawo wa mahaifiyarsa ɗinki suka ɗauke ƙafa, tsohuwa ta daina fita ko ƙofar gida. Wata rana ta kira shi ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa kayan mutane?"

Ya ce, "Ban taɓa ba, Inna."

Ta ce, "Na yarda. Amma bakin da ya ce ka taɓa, shi nake so ya ce ba ka taɓa ba, kafin ƙasa ta rufe idona."

Shekarun Gwaji

Daga nan ya kama abin, kuma kamar yadda malaminsa ya faɗa, sai da ya ga ƙarshensa. Ya kwashe kaya daga ɗakin ajiya, ya haɗa keji biyu da katako da yadin gidan sauro. Ya ɗebo tsutsotsin sauro daga kududdufin unguwarsu ya zuba a keji ɗaya, sannan ya hau keke zuwa wani ƙauye mai nisan mil talatin inda ba a taɓa feshi ba, ya ɗebo na can ya zuba a ɗayan. Da suka fashe suka zama sauro, hannunsa yake zura musu su sha, tun da wanda aka yi kiwonsa tun yana tsutsa bai ciji kowa ba balle ya ɗauko cuta. Uwargida ta tsaya a ƙofa ta ce, "Mutane na kiwon kaji su ci ƙwai, mu muna kiwon abin da zai ci mu." Duk da haka ita ce ta ɗinke kowace ɓula a kejin.

Ya sayi magani a shagon kayan noma, ya dama daidai da ma'aunin ofis, ya shafa a takarda ya naɗe cikin kwalabe, ya riƙa sa sauro ɗari-ɗari na awa guda. Na ƙauye, casa'in da bakwai suka mutu. Na unguwa, sittin kacal. Sai ya tuna da tantabaru, ya tattara arba'in ɗin da suka tsira ya bar su suka hayayyafa, ya gwada 'ya'yansu, ya sake barin waɗanda suka tsira, haka dai har zuriya takwas cikin wata biyar. A zuriya ta takwas goma sha biyu ne kawai suka mutu. Ya lura kuma ba sabo ba ne, domin 'ya'yan da ba su taɓa shaƙar magani ba sukan tsira tun gwajin farko. Tun asali akwai 'yan tsiraru masu juriya a cikin taron, maganin ya kashe saura ya bar musu fili, su kuma suka gadar wa 'ya'yansu. Aikin da mahaifinsa ke yi da hannu, shi feshi ya yi ba tare da niyyar kowa ba.

Ya rubuta wa ofis wasiƙa sau shida tsakanin 1968 da 1971, babu amsa ko ɗaya. Bai fasa ciyar da sauronsa ba, har hannunsa na hagu ya yi kanta.

Wankewa

A watan Yuni na 1972 aka turo wata sabuwar likita mai binciken ƙwari, domin a lokacin an kori wasu shugabannin feshi har uku bayansa kuma sauro bai fasa ba. Tana bincika tsofaffin fayil-fayil ta ci karo da wasiƙun nan shida, washegari da safe ta yi sallama a shagon keke. Ba ta yarda da maganarsa haka kawai ba, kuma wannan ya fi komai yi masa daɗi. Ta ɗauko gwangwanin maganin da ba a taɓa buɗewa ba daga sito, ta auna da hannunta a gaban shugaban ofis, ta maimaita gwajin sau uku, kuma sau uku na ƙauye suka zube, zuriyar na unguwa da ya tace suka yi zamansu. Ta ce, "Malam, wa ya koya maka wannan?"

Ya ce, "Tantabarun babanmu ne, Likita."

Ta bayyana masa cewa masana na kiran abin juyin halitta ta hanyar zaɓin yanayi, cewa an ga irinsa a ƙwayoyin cuta da ke bijire wa magani da kuma ƙwarin gona, kuma abin da ya yi a ɗakin ajiya hujja ce da kowa zai iya maimaitawa ya gani. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ashe abin har suna gare shi. Ni da na ɗauka ni kaɗai na haukace."

A ranar 18 ga Agusta, 1972, shugaban da ya sa hannu a takardar kora ya sa hannu a ta wankewa, sannan ya tako har gida ya karanta wa tsohuwa da bakinsa, domin ta ce ba ta yarda da karatun ɗanta ba a wannan magana. Da ya gama ta ce a miƙo mata mayafinta, ta fita ta zauna a ƙofar gida karo na farko cikin shekara biyar, tana amsa gaisuwar masu wucewa ɗaya bayan ɗaya. Marigayin ya sha faɗa cewa a ranar ce ya san nauyin abin da yake ɗauke da shi, da ya ji babu shi. An mayar da sauran mutum ukun bakin aiki, an sauya magani, zazzaɓi ya ragu a damunar da ta biyo. Tsohuwa ta rasu a 1974, hankalinta kwance.

Shekarun Ƙarshe

An mayar da shi bakin aiki a ɗakin binciken ofishin lafiya, inda ya yi shekara ashirin yana gwada juriyar sauro kafin kowane feshi, yana kuma gargaɗin cewa sabon maganin ma ranarsa na zuwa. Ranar ta zo a 1983, amma wannan karon ba a kori kowa ba. Ya yi ritaya a 1992, ya koma kiwon tantabaru, abin da uwargida ta ce ci gaba ne, tun da su ba sa cizo.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 10 ga Maris, 2009, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da biyu. An binne shi a maƙabartar garin kusa da mahaifiyarsa, kuma cikin waɗanda suka raka shi har da mahaifin ɗaya daga yaran nan uku, wanda ya nemi gafararsa tun 1972 kuma suka zama aminai. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbar, ungozoma, mai bi mata, direban babbar mota, na uku, wanda ya gaji shagon keke, ta huɗu, malamar kimiyya, sai auta, mai harhaɗa magunguna, da jikoki ashirin da uku. Ya kuma bar sauron ɗakin ajiya, waɗanda aka mayar ɗakin bincike, kuma a lokacin rasuwarsa sun haura zuriya ɗari bakwai. A jikin kejinsu an rubuta Na Sarki, kuma duk sabon ma'aikacin da ya tambayi wane sarki ne, amsa ɗaya ake ba shi: wani mutum ne da aka ce ya yi algus, kuma bai yi ba. Allah ya jiƙansa da rahama.