Tsinken da Kaka Yake Gittawa a Kan Tsaga

Jiya da hantsi wata tifa ta juye yashi a bayan ofishinmu a Garki, inda ake ƙarin gini. Kowa ya ci gaba da aikinsa, ni kuwa sai da na dafa tebur. Ƙarar zubowar yashi mai yawa a lokaci guda har yau tsorata ni take yi. In ka ga mace da girmanta tana tsoron yashi, kada ka yi saurin yi mata dariya.

Na tashi a wani ƙauye a bayan Karshi, lokacin da Abuja ke cin yashi kamar ba za ta ƙoshi ba. Babanmu yana cikin masu haƙa a gaɓar rafin garinmu, gaɓar da ta fi tsayin ɗaki biyu. Ba daga sama suke haƙa ba. Gindin gaɓar suke ci da diga, su yi ta rarake shi har saman ya rasa mazauni ya rufto da kansa, sannan a sa shebur a loda. Dabarar tana cika mota da wuri, amma mutum yana wuni ne a ƙarƙashin abin da ake jira ya faɗo.

Shi ya sa ake ajiye mutum ɗaya a sama, kuma kakana na wajen uba ne wannan mutumin. Kafin gaɓa ta rufta, ƙasa takan yi siririyar tsaga a sama. Kaka yakan karya guntun tsinken tsintsiya ya gitta a kan tsagar. Muddin tsinken yana nan, a ci gaba da haƙa. Da zarar ya faɗa ciki, tsagar ta buɗe ke nan, sai Kaka ya buga wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin ɗorawa, kowa ya yar da diga ya ranta a na kare.

Abin da ba wanda ya sani shi ne yanar ido ta fara rufe idon Kaka. Ina da shekara tara a lokacin. In na kawo abinci bayan an tashi makaranta, sai ya ɗaga murya ya ce amaryarsa ta zauna ta taya angonta hira. Mutane su yi dariya, ni kuma in zauna. Jim kaɗan sai ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko tsinken yana nan. Ni ce idonsa, kuma har ga Allah daɗi nake ji.

Wata rana da rani iska ta ɗauke tsinken, na ce masa ya faɗa. Ya buga ƙarfe, mutane suka watse, aka tsaya ana jira, gaɓa ko gezau. Oga mai wurin ya hayo sama yana huci, ga tifa biyu suna jiran lodi. A gabana ya wanke Kaka tas, ya ce in ya sake tsayar masa da aiki a banza, ya koma gida ya yi tsufansa. Kaka bai yi mini faɗa ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Damina ta shigo. An yi kwana uku ana ruwa, ranar nan rana ta buɗe, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Ina zaune ina jin saran digarsu a ƙarƙashinmu, sai na ga tsinken ya karkata, ya sulale cikin tsagar. Ko ganye ba ya motsi, balle in ce iska ce. Na hango oga a ƙasa yana hira da direba.

"Amarya, yana nan?"

"Yana nan, Kaka."

Ban san me nake jira ba. Ina dai ce wa raina bari in ƙara dubawa, wataƙila cinnaka ne ya ja shi. Tsagar kuwa a kan idona take faɗi, har yatsa zai iya shiga. Kaka ba ya sa takalmi a bakin aiki. Na ga ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ji tana motsi, sai ya zabura ya rufe ƙarfen da bugu.

Mutum bakwai suka fito da gudu. Babanmu ne ya fi kowa shigewa ciki, kuma bai kai ga fita ba gaɓar ta sauko. Daga nan wurin ya yi tsit, sai ƙarfen da ke ta amsa kuwwa shi kaɗai.

Wani ya rarumi shebur, Kaka ya daka masa tsawa daga sama, domin in akwai mutum a ƙasa ba a tono da ƙarfe. Da hannu aka yi ta tono, har oga da direbobi, yashin yana komawa suna sake kwashewa. Ni na kasa sauka, na kasa kuka, ina tsaye fitsari yana bin ƙafata. Hannunsa aka fara gani, yatsun suna motsi. Aka zaro shi da rai, bakinsa cike da yashi, ƙafar dama ta karye wuri biyu. An yi ɗori, amma tun daga ranar ɗingishi yake yi.

Kaka ya gaya wa kowa cewa idonsa ne ya gaza, ya ɓoye. Aka yi ta zaginsa a gari, bai sake hawa gaɓar ba har ya rasu. Ni kuma na haɗiye maganar fiye da shekara ashirin, kullum ina tsoron ranar da Baba zai sani.

Da sallar bara na je gida, ina shafa masa man zafi a ƙafar, sai maganar ta fito da kanta. Na ce masa na ga tsinken ya faɗa, na yi ƙarya. Ya daɗe yana kallon hannuna.

"Na sani, 'yar nan. Tun ina kwance kakanki ya gaya mini. Ya ce wanda ya ɗora wa yarinya ran mutum takwas shi ne mai laifi, kada in kuskura in tayar miki da maganar."

Da zan dawo na bi ta rafin. An sare ɗorawar, katafila ce ke kwasar yashi a babban wurin, cikin ɗan lokaci ta cika tifa. Amma can gaba, inda mota ba ta shiga, na ga samari huɗu suna cin gindin wata gaɓa da diga, kamar yadda su Baba suke yi. Na ɗaga kai na duba sama, na sake dubawa. Babu kowa a zaune.