Ka Dai Zo

Ban ga fuskar Baba ba ranar da aka rufe shi. Ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba. Ina cikin bas a Mararraba, da ƙullin magani a aljihu.

A shekarun nan kuɗin mai na gina sabon birni, ni kuma ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata a Abuja. Mu ƙananan ma'aikata ba a yi mana wurin kwana a ciki ba. An yi tituna masu faɗi, an yi gidajen manya, mu kuwa aka bar mu mu nemi ɗaki a Nyanya, Karu, Mararraba, wasu har Keffi irina. Kullum da safe duk mu kwararo ta hanya ɗaya, da yamma mu koma ta ita. Wanda ya zana birnin nan, wallahi ina so in gan shi in tambaye shi inda ya zaci masinja zai kwana.

Baba tela ne a unguwar Liman Abaji a Keffi, ya daɗe yana fama da hawan jini. Ran nan da safe na bar shi a zaure yana shan kunu, har ya yi mini tsiya kan wandona da ya ce telan birni ya ɓata.

Wajen sha biyun rana aka ce ana sallama da ni a bakin ofis. Maƙwabcinmu ne, direban tasi, sa'an Baba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Jikin tsoho ya ɗan matsa," in ji shi. "Kawunka ya ce ka zo."

"Yana magana, Baba Direba?"

Ya dubi takalminsa. "Ka dai zo."

A Keffi aka haife ni. Na san ba a faɗa wa mutum mutuwar ubansa a tsaye a bakin titi, sai a ce jiki ya matsa. Ni kaina na taɓa kai irin wannan saƙo. Amma ranar kunnena ya ɗauki abin da yake so. Ya ce in shigo motarsa mu koma, na ce ya yi gaba, oga ya fita kuma ba na tafiya ba izini. Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, ya fasa. Da na bi shi a lokacin, hanya fayau take, awa ɗaya muna gida.

Na jira oga. Na biya kemis na sayi maganin da Baba ke sha. Kafin in kai tasha an tashi aiki, birni duka ya fito.

Daga cikin gari mota na gudu, don titin ya ishi kowa. Muna gangarowa Nyanya ya fara tsukewa, layi uku suka nemi komawa ɗaya. Kowane direba na cusa hancin motarsa, ba mai bari. Gaba kaɗan, a Mararraba, kasuwa ta cinye gefen kwalta, masu doya da lemo sun baje har inda taya ke bi. Bas-bas kuma ba su da wurin tsayawa, a tsakiyar hanya suke sauke mutum su ɗauki wani, na baya su jira. Ranar har da tirelar siminti da ta mutu a kan gada. Muka tsaya cak. Kwandasta ya sauka ya sayi rake.

Kusa da ni wani dattijo ne mai sayar da goro, ya ga ina ta duba agogo.

"Ɗana, lafiya?"

Na ce mahaifina ne ba lafiya, na gaya masa yadda muka yi da maƙwabcinmu.

"Da ka tambaya, me ya ce?"

"Ya ce in dai zo."

Dattijon ya cire hularsa, ya mayar. A hankali ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yi haƙuri, ɗana."

A nan na ji abin da aka faɗa mini tun sha biyu. Na san kuma gawa ba ta kwana a gidanmu, in an yi la'asar za a fita da shi. Ga shi ana kiran la'asar ɗin a wani masallaci a gefen titi.

Na sauka na kama tafiya a ƙasa, ina ratsa motoci, ina tuntuɓe da tiren masu talla. Na wuce kasuwar, na wuce tirelar. Gabanta hanya wayam har iyakar gani, kamar an share tsakar gida. Sai dai duk motar da za ta kai ni tana baya, cikin cunkoson. Wadda ta samu ta zurara a cike take, na ɗaga hannu, na yi roƙo, ba wanda ya taka birki. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Daga ƙarshe motar da ta tsaya mini ita ce bas ɗin da na bari. Dattijon ya riƙe mini kujerata.

Ana shirin magariba na shiga unguwa. Tabarmi a ƙofar gida, mutane jere, ƙafafun wasu da jar ƙasar maƙabarta. Kawu ya taso ya tare ni.

"Mun jira ka har rana ta yi sanyi. Liman ya ce kada a ƙara."

Baba Direba na zaune a ƙarshen tabarma. Na durƙusa gabansa, maganin ya faɗo daga aljihuna tsakaninmu. Ya dube shi, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Ai na gaya maka," ya ce.